Tauraron Gwamnati da Garin Inna

Sai da na aurar da 'ya'yana kaf na shiga ajin yaƙi da jahilci a Yelwa, hannuna na ƙaurin bandar kifi. Wata rana malaminmu, dattijo mai son zance, ya ce gwamnatin tarayya tana da hukuma guda ta harkar sararin samaniya, ƙarƙashin ma'aikatar kimiyya. Duk shekara majalisa ke yanka mata rabonta a kasafin kuɗi, da shi ake kula da taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa.

Na ce, "Malam, da kuɗin wa?"

"Na mai da na haraji, Hajiya. Har da naki."

"Ashe ina da rabo a sama ban sani ba! To, a sa tauraron ya nemo mini garin Inna."

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa ba wasa nake ba. Tun da aka datse kogin Kwara aka yi tafkin Kainji ruwa ya shanye garin su Inna, mahaifiyata, da kabarin tata mahaifiyar a ciki. Ga tsufa ya kama ta, maganarta kullum ɗaya: kada ta mutu ba ta tsaya kan uwarta ta yi addu'a ba. Masunta kuma kowa da inda yake nunawa.

Bayan la'asar Malam ya zo gidanmu da wayarsa. Ya ce akwai hoton tafkin daga sama a cikinta, amma ba zai rantse tauraronmu ne ya ɗauke shi ba.

Na ce, "Namu ko na maƙwabta, buɗe."

Sai ga tafkin kwance kamar zanen da aka tsamo daga marina. A tsakiyarsa wata jijiya mai duhu tana miƙe, tsohuwar hanyar kogi. Inna ta kawo fuska dab da gilashin, ta ɗora yatsa, ta bi ta a hankali kamar mai tsifar kai.

"Ga inda Kwara ke lanƙwasa. Nan muke wanki. Maƙabarta tana gabas, daidai hancin tsibirin ga."

Ranar Juma'a muka ɗauki kwale-kwale. Ruwa shimfiɗe, ba kututture, ba alama, sama ta sauko ta kwanta a cikinsa har ban san wanne muke ratsawa ba. Da muka daidaita da hancin tsibirin Inna ta ce a tsaya. Mai tuƙi ya ɗaga filafili.

Inna ta shafa addu'a. Ta sunkuya, ta dafa ruwan da tafin hannu, yadda ake dafa bayan mai barci.

"Inna, ni ce," in ji ta ga uwarta. "Na daɗe."