Gaiwar da Muka Gina a Katanga

Tafkinmu ba shi da suna. Tafki kawai muke ce masa, don babu wani a kusa da za a rikita su. Yana kwance a fadamar da ke tsakanin ƙauyenmu na ƙasar Gaya da hanyar da ke bi ta Toranke. Idan damina ta kankama kogi ya yi ambaliya, sai ya cika shi har bakin gonakin shinkafa, ruwan kuma ya zauna har zafin bazara. A lokacin ne yake janyewa, ya bar laka baƙa mai tsagewa kamar bayan kunkuru.

Sarautar ruwan a gidanmu take. Ba wata sarauta ba ce mai rawani; sanda ce guda da kuma ikon cewa yau a shiga kamun kifi, gobe kada a shiga. Da mahaifinmu ya rasu sai sandar ta koma hannun yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Shi bai taɓa nisa da gida ba. Ni ne aka kai Gaya na yi firamare, na ɗan zauna gaban malamai, na dawo da baki.

A tsakiyar tafkin akwai wani kwari da muke kira cibiya. Duk shekara idan ruwa ya janye, Yaya yakan saro turakun giyayya ya kewaye wurin. A gefe kowa na iya haƙar gaiwa, wannan kifin mai kama da maciji da ke shigewa cikin laka ya naɗe ya yi barci har ruwa ya dawo. Amma cikin turakun ba a sa fartanya, ba a sa diga, ko yaro ba ya tona rami da tsinke. Na sha ganin Yaya ya shiga wurin da rana tsaka, ya buga ƙasa da gindin sandarsa, ya durƙusa ya kara kunne. Yakan ce idan suna nan suna amsawa, wani ɗan gurnani daga can ƙasa kamar na tsoho mai juyi a kan tabarma.

Shekarar da abin ya faru, katangar harabar masallacinmu ta zube. Ƙasar ƙauyenmu jigawa ce, ba ta riƙe gini. Ni ne mai yawan magana a cikin masu hidimar masallaci, kuma na san babu laka mai ƙarfi a duk yankin kamar ta cibiya. Na sami Yaya a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

Na ce, “Yaya, wai wa ya hana haƙa a cibiya?”

Ya ce, “Baba.”

“Wa ya hana Baba?”

“Kaka.”

“Shi kuma Kakan fa?”

Bai ɗago ba ya ce, “Ai ka san hanyar maƙabarta, Malam. Je ka tambaye shi, in ya amsa ka zo ka gaya mini.”

Idan ya kira ni Malam, zolaya ce. Na ce masa wannan camfi ne, tsoron iskoki ne aka gada tun zamanin jahiliyya, kuma ɗakin Allah ya fi ƙarfin turakun giyayya. Ya ce shi bai taɓa ganin iska a wurin ba, bai kuma taɓa yanka ko ɗan tsako ba. Abin da ya sani kawai, haka ya tarar.

Na tafi wurin limaminmu, dattijo mai taka-tsantsan. Ya saurare ni ya ce, “Ni dai ban san wani nassi da ya hana haƙa wurin ba. Ban kuma san wanda ya ce a haƙa ba. Ka bi yayanka a hankali.” Da na koma cikin jama'a, rabin maganar na farko na kai musu.

Muka fita da diga da shebur da kurar shanu. Ni na fara tuge turke. Lakar ta yi tauri har ba ta kwaɓuwa sai an sha wahala, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, shamuwa ta iso. Sai magininmu ya ce a bar kwaɓa tubali, a riƙa yanko ta hoge-hoge manya, a jera su yadda suke a liƙe da taɓo. Haka aka yi. Inda diga ta faɗa kan gaiwa sai a yi shewa a jefa ta a buhu. Ranar kowane gida ya yi miyar kifi. An kai wa Yaya kwanonsa, ya mayar da shi a rufe.

Muna cikin haƙa, wajen zurfin ƙugu, sai baƙar lakar ta ƙare. Ƙarƙashinta farin yashi ne, busasshe, mai laushi kamar gari. Na tuna na ɗebi cikin hannu yana zuba ta tsakanin yatsuna, wani sanyi yana tasowa daga ramin a tsakiyar zafin nan. Sai wani ya ce, “To ga yashin shafe ma Allah ya ba mu,” aka yi dariya, aka ƙara faɗaɗa ramin.

Katanga ta tashi, baƙa, mai kauri, har mutanen Kademi masu wucewa kasuwa suna tsayawa kallonta. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo mana da la'asar. Gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak, mun yi sahu a harabar don cikin masallaci ya yi zafi. Yayyafi ya fara sauka a kan katanga muna raka'a ta biyu. A sujada na ji shi. Da farko na ɗauka cikin wanda ke kusa da ni ne ke kuka. Sai na ji ya fito ta hagu, ya amsa ta dama, ya bi katangar kamar ana miƙa shi hannu da hannu. Gurnani ne ƙasa-ƙasa, wani na ja wani na saki, irin na mutane da yawa masu barci a ɗaki guda. Liman ya ci gaba da kabbara. Ba wanda ya yanke salla, amma da aka sallame ba wanda ya tsaya addu'a. Wani tsoho ya manta takalminsa.

Yaya kaɗai ya rage. Ya je ya jingina kunnensa da katanga, ruwa na zuba a wuyan rigarsa. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Sun farka. Sun ɗauka tafki ne ya dawo.”

Aka kwana ana ruwa, aka wuni. Washegari da hantsi katangar ta jiƙe ta fara tsagewa ta ƙasa, gaiwa suka fara fitowa. Na gani da idona, kai na turowa daga cikin gini, ga ƙananan idanu kamar ƙwayar gero, jiki duk yauƙi. Sai ta faɗo tim, ta kwanta kamar ta mutu, can ta fara jan ciki. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki, babu wadda ta nufi cikin gari. Duk gangare suka bi, inda ruwan harabar ke malala, hanyar fadama. Mutanen da suka yi shewar miyar kifi ba wanda ya miƙa hannu. Yaya ya kawo daro ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa tafki. Waɗanda ke can saman katanga, inda ruwa bai ratsa sosai ba, sun yi ta kuka duk lokacin da aka yi ruwa a daminar nan. Kukan ya riƙa raguwa har aka daina ji.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Kogi ya kawo, tafki ya cika kamar kullum, bado ya buɗe. Amma da ruwan sama ya ɗauke, sai masu wanki suka ce ruwa na gudu. Na je na tsaya a bakin gaɓa da safe. Babu iska, amma a daidai cibiya ganyen bado na juyawa a hankali, yana kewaya wuri ɗaya. Idan ka yi shiru za ka ji wani ɗan sauti kamar mai kurɓar kunu da zafi. Kafin a gama yankan dawa tafkin da ke kai mu bazara ya zama taɓo. Ƙananan tarwaɗa da karfasa suka mutu a fili, warinsu ya kai har cikin gari. Kirinjijiya, agwagin dajin nan, suka zo kamar yadda suka saba, suka yi ta shawagi suna fito, suka wuce. Fulanin da ke shayarwa a wurin suka canja hanya.

Shekarar da ta biyo haka, ta bayanta ma haka. Samari suka fara kiran Yaya sarkin yashi. Yakan yi musu murmushi. Bai taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Bai fasa saro turaku ba. Yakan kewaye ramin da su, ya buga sanda, ya durƙusa, ya daɗe, ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Da na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, “Ba kowa a gida.”

Ana nan sai hukuma ta kawo tsarin kula da fadamu. Aka tara mu, aka ce daga yanzu doka ta hana ɗibar ƙasa ko yashi a cikin tafki sai da izini, aka kafa allo a bakin hanya. Cikin waɗanda suka zo akwai wata malamar gona. Ta sauka ramin ta murza ƙasar a hannu, ta ce tafkin nan tamkar kasko yake: lakar ita ce gindinsa, yashin da ke ƙasa kuwa ba ya riƙe komai. Mun huda shi a inda ruwa ya fi taruwa.

Yaya ya nuna allon da haɓa ya ce, “Ranki ya daɗe, shi wannan zai riƙe ruwan?”

Ta yi dariya ta ce a'a. Ta ce abin da ta sani shi ne a mayar da laka irin wadda aka ɗebe, a jiƙa ta, a tattake har ta haɗe. Ta ce ba ta yi mana alkawarin zai kama ba. Aka tambayi inda za a sami lakar, tunda gefen tafki ba shi da kauri. Sai na ga idanu suna komawa wajen masallaci.

Gina katangar masallaci abu ne mai sauƙin roƙo. Rushe ta kuwa, sai da na yi kwanaki ina juya maganar a baki. Ranar da na miƙe bayan azahar, na faɗi abin da liman ya gaya mini tun farko, duka, har rabin da na riƙe. Liman bai dube ni ba. Ya ce zana ma tana yin shinge, kuma shayar da dabba sadaka ce.

Muka rushe ta da hannunmu. A cikin hogen sama muka riƙa samun gaiwa, a naɗe, wutsiya a kan fuska, sun bushe kamar tsohuwar fatar takalmi. Ba a jefar da ko ɗaya ba. Yaya ya ce a mayar da su tare da lakar, can ne gidansu. Muka cika ramin, muka jawo ruwa da jarkoki muka jiƙa. Wani Bafulatani da ya saba da mahaifinmu ya kawo garkensa, aka yi ta kora su suna kewaya wurin har lakar ta koma kamar tuwo. Yana tsaye ya rataya sanda a kafaɗa, ya ce mini, “Kaɗo ke nan. Sai ya fasa ƙwarya yake cigiyar mai ɗinki.” Na ce masa ya yi gaskiya, shi kuwa ya ji haushi don ya so in rama.

Gyaran ya kama, amma ba duka ba. Yanzu ruwan yana kai mu tsakiyar sanyi, wata shekarar ya ɗan wuce. Tarwaɗa ta dawo tare da kogi. Ba wanda ya ƙara haƙar gaiwa ko a gefe, ba don allo ba. Mutanenmu sun daina cin ta.

Bara gwiwoyin Yaya suka ƙi. Na saro turakun, na goya shi a babur har gindin giyayyar da ke bakin gaɓa, na shimfiɗa masa buzu. Ya miƙo mini sandar. Na taka lakar da ta tsage har cibiya, rana a tsakiyar kai, babu tsuntsu babu iska. Na buga ƙasa kamar yadda na ga yana yi. Na durƙusa na kara kunne. Ƙasar na da zafi, tana warin tsohon ruwa. Na daɗe. Sai na ji wani abu can nesa a ƙasa, sau ɗaya, gajere. Na ƙara bugawa, shiru. Ni ma na tsufa, kunnena yakan yi ƙara shi kaɗai, cikina ma yakan yi.

Da na dawo ya ce, “Yaya dai, Malam? Akwai mutane a gida?”

Na ce, “Na ji kamar an amsa, Yaya. Amma ban tabbata ba.”

Ya ce, “To kada ka tona don ka tabbatar.”

Na koma na kafa turakun.