Goron Kano da Bai Bar Salaga Ba

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayana Sule, ɗan kasuwar doya a Salaga. Motarsa, tsohuwa mai doron kunkuru, tana nan ƙarƙashin mangwaron gida, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Abin dariya, Yaya bai iya tuƙi ba. Ni ne direba, ina jigilar albasa a Bawku. Saboda ni ya saye ta, don in kai shi Kano. Mahaifinmu kafin ya cika ya bar mana wasiyya: yana da ƙanwa a can, Gwaggo Hassi, mu je ta gan mu tun tana da rai. Yaya ya haddace hanyar kamar karatu: Salaga, Yendi, Bawku, mu ƙetara iyaka, mu bi sawun jakunan kakanninmu fatake.

Jikan mai goro ba ya shiga Kano hannu rabbana. Don haka kowace shekara sai ya sayi huhun goro, ya riƙa yayyafa masa ruwa, yana sauya ganye, yana tsince mai tsutsa. Sai ya aiko mini: "Inusa, goro ya shirya, mota ta shirya. Kai muke jira."

Ni kuwa ban taɓa rasa hujja ba. Bana babu mai, baɗi an rufe iyaka, wata shekarar albasa ta yi kasuwa. Wasu gaskiya ne, wasu lalaci ne kawai. In goron ya fara yaushi, sai ya rabar a suna da ɗaurin aure, ya ce, "Ba komai, ƙanena, Allah ya kai mu baɗi."

Da zai ga yau, manyan motoci na zuwa Kano kowane mako, na san dariya zai yi, ya ce tafiyar da ba a tsaya an gaisa ba, ba tafiya ba ce. Ni dai na gaji. Gwiwa ta ƙi, ido ya rage, Gwaggo Hassi ma ban san ko tana raye ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Me ya rage na Yaya? Haƙurinsa, wanda har yau yake damuna. Ranar sadakar uku, matarsa ta fito da huhun ƙarshe, ganyensa ɗanye shar. Ta ce, "Da safen ranar da ya rasu ya sauya shi." Ni aka miƙa wa in raba.