Sunan da Baba Ya Tafi Yaƙi da Shi

Lokacin da muke yara a Bauchi, tsofaffin sojan yaƙin Bama ba abin nema ba ne. Suna ko'ina. Wani mai gadi ne a ƙofar ofis, wani masinja, wani direba, wani yana sayar da goro a bakin kasuwa. Kana gane su da yadda suke miƙewa ƙyam in an kira su. Ba wanda ya damu ya tambaye su komai. Yau ko ɗaya bai rage a unguwarmu ba, sai ga jikokinsu suna ta latsa waya suna neman sunan kakansu a takardun Turawa. Ni ma da furfurata na shiga layi.

Babana ya yi wannan yaƙin. Iyakar abin da na tashi na sani ke nan. Da ya dawo ya sayi keken ɗinki, ya buɗe shago a Wunti, ya zauna a cikinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son wani abu sai ya ce wa mahaifiyata, "Ki gaya wa yaron nan." Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, kunyar ɗan fari ce, haka na ga ana yi a gidajen abokaina ma. Tun ina ƙarami aka kai ni makarantar kwana, daga nan kuma ban sake shekara cur a Bauchi ba sai da na yi ritaya. Ya rasu ina ƙasar waje. Na iso an riga an yi sadakar uku.

Aiki ya zaga da ni duniya. Na zauna a Sudan da Senegal, na yi shekaru a Faransa, na leƙa Indiya. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ban da Fulatancin da na tsinta a wajen kakata. A ƙauyukan Faransa kusan kowane gari yana da dutse a tsakiya, an sassaƙa sunan 'ya'yan garin da suka tafi yaƙi. Tsoho zai kawo jikansa ya ɗora masa yatsa a kan sunan kakan kakansa. Na sha tsayawa ina kallonsu. A lokacin na ɗauka tausayi nake ji. Daga baya na gane ƙyashi ne.

Da na dawo gida na samu lokaci, sai na fara rubuta wasiƙu zuwa wuraren da ake ajiye tsofaffin takardun soja, a nan gida da ƙasar Ingila. Na ba su sunan Baba da sunan mahaifinsa, na ce mutumin Bauchi ne. Amsar duk iri ɗaya ce, cikin ladabi. A wancan zamanin magatakardan soja sunan yanka yake rubutawa, sai ya liƙa masa sunan garin da aka ɗauke shi. Masu suna irin na Baba daga Bauchi sun cika shafuka. In ba lambarsa ta soja, ba yadda za a ware shi. Akwatin ƙarfen da Baba yake ajiye takardunsa kuwa ruwa ya cinye shi shekarar da katangar ɗakinsa ta faɗi. Sau biyu ina zuwa Kaduna ina shaƙar ƙurar fayil, na dawo hannu biyu.

Duk wannan wahalar ban gaya wa taubashina ba. Ɗan gwaggona ne, yayar Baba, ya girme ni da 'yan shekaru. Shi ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Baba a shagon nan fiye da shekara talatin, shi kuma ya gaje shi. In ban da aikin Hajji sau ɗaya, bai taɓa wuce Jos ba. Yana ce mini Bature, ina ce masa bawana, kamar yadda taubasai suke yi. A raina na ce me tela zai sani game da takardun Ingila.

Wata rana da hantsi na kai masa shadda ya ɗinka mini. Yana gwada ni, allura a bakinsa, ya ce, "Bature, an ce kana ta aika wa danginka wasiƙa. Sun amsa, ko sun manta da kai?"

"Sun amsa. Sun ce sai da lamba."

"Lambar me?"

"Lambar soja ta Baba. Abin da ba a hannun kowa yake ba."

Sai ya zare allurar ya soke ta a hularsa. Ya miƙe, tsoho mai ciwon gwiwa, ya manna hannuwa a cinya, ya karanto lambar da Turancin bariki, tiryan-tiryan ba ko tuntuɓe, ya ƙarasa da buga ƙafa a ƙasa. Telan da ke shagon gefe ya leƙo yana dariya, da alama ba yau ya fara ji ba.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

"A bakin Kawu mana. In zai sa almakashi a yadi mai tsada, sai ya yi bisimilla, ya karanta lambar nan, wai hannu ya daina rawa. Ni ma har yau haka nake yi. Shaddarka ma sai na karanta mata."

"Ni ban taɓa ji ba."

"Ina za ka ji? Kai in ka zo hutu kana zaure da littafi kamar alƙali." Ya koma ya zauna. "Amma fa kada ka nema da sunan Kawu, ba za ka samu ba. Da sunan babana za ka nema."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Ba ita ba ce. A lokacin danginmu suna ƙauyen Miri suna noma. Aka aiko wa mai gari ya kawo samari, aka rubuta sunan mijin gwaggona a ciki. Gwaggo tana da tsohon ciki, cikin wannan taubashin nawa. Baba kuwa saurayi ne, ba mata ba ɗa. Ranar da mota ta zo, aka kira sunan mijin yayarsa, sai Baba ya ce na'am ya haye. Malamin mai gari ya gani ya kawar da kai, shi dai adadi ya cika. Da wannan sunan Baba ya ƙetare teku, da shi ya dawo.

"Kowa ya sani?"

"Manya sun sani. Da farko tsoro ake kada Turawa su ɗaure wani. Daga baya Kawu ne ya hana a faɗa, kada ya zama kamar ana yi wa babana gori."

"Amma kai ya gaya maka."

"To ni wa zai ji wa kunya? Ɗan 'yar'uwarsa ne ni. Har tsire muke ci a takarda ɗaya."

Ya kamata in yi masa godiya, shekara biyu ina neman abin da ya ba ni a tsaye. Ban yi ba. Na rubuta lambar a bayan katin asibitina, na tari keke napep, har muka wuce kasuwar Muda Lawal ban san mun wuce ba. Ina ta lissafa abin da na taɓa aiko wa Baba daga waje, rediyo da kwat da agogo, da yadda yake karɓa ya ce a gaya wa yaron nan an gode. Ashe a shago yana da baki. Yana dariya, yana ba da labari, yana buga ƙafa. A Dakar na taɓa ganin dattijo yana tafe riƙe da hannun ɗansa magidanci suna hira, na ce a raina al'adar wasu ke nan. Ban san ana yin irinta a shagon ubana da wani ba. Na san dalilin, zan iya bayyana shi da harshe huɗu, amma sanin bai rage mini komai ba.

Na sake rubutawa da lambar da sunan mijin gwaggona. Bayan 'yan watanni suka turo hoton shafi guda, na kai aka buga mini a takarda. Sunan ba nasa ba ne, amma mutumin shi ne. A wajen alamomin jiki an rubuta cewa kan ƙaramin yatsansa na hagu ya guntule. Lauje ne ya cire shi yana yaro, na san yatsan nan kamar nawa. Mijin gwaggona ya mutu da yatsunsa goma cif. An rubuta ya kai kofur, aikinsa ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni, ya kwanta asibiti sau ɗaya da zazzaɓi, halinsa mai kyau ƙwarai.

A ƙasa akwai wajen iyali. Tunda da sunan mijin yayarsa yake, sai ya ba da sunan Gwaggo a matsayin matarsa. A ƙarƙashin wannan, da wata tawada dabam, an ƙara layi guda: ɗa namiji ɗaya, da sunan taubashina. Wato labarin haihuwar ya iske shi a can, ya tashi ya je wajen magatakarda ya faɗi sunan da bakinsa.

Takardar ta yi sati uku a aljihun teburina. Na rubuta wasiƙa da Turancina mafi kyau ina roƙon a gyara sunan, na karanta ta, na ga ba ni da shaida sai yatsan mamaci da bakin tela, na yaga. Na yi tunanin in ce wa taubashina ba su amsa ba. Sau biyu yana aiko mini cewa ɗinkina ya gamu.

Da na je, na tarar yana cin gyaɗa. Ya ce, "Bature, fuskarka kamar an hana ka biza." Na fito da takardar. Ba ya karanta Turanci, saboda haka na riƙa bi layi-layi ina mayar masa da Hausa. Da na zo kan yatsan ya ce, "Allah ya jiƙan Kawu." Na karanta sunan Gwaggo, ya yi dariya har da tari. Sai na naɗe takardar.

"Ba ka gama ba."

"Na gama."

"Kai, ni tela ne. Layi goma sha ɗaya na ƙirga, goma ka karanta. Wannan mai baƙar tawadar fa?"

Na buɗe na karanta masa. Ya ajiye gyaɗar. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, yana kallon sunansa da ba ya iya ganewa a rubutun Bature. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, "To ka ji. Daga yau ka riƙa gaishe ni da kyau, ni ne babba a gidan."

"Bawa dai bawa ne," na ce.

Ya ce in bar masa takardar. Ina da hotonta a waya, zan iya buga ɗari, duk da haka da ƙyar na sake ta. Ya sa aka yi mata gilashi ya rataye ta a saman keken Baba. Duk wanda ya shigo ya tambaya sai ya ce, "Takardar Kawuna ce, ga sunana nan a ƙasa."

Yanzu kusan kullum da hantsi ina kan bencin shagon. Ina tambaya, yana ba ni abin da ya ga dama: yadda su Baba suke ɗaukar mutum su huɗu a cikin ruwa har ƙirji, da ɗan Gombe da ya cika a kafaɗar Baba yana kiran uwarsa, da dalilin da ya sa Baba ba ya cin shinkafa. Wani lokaci sai ya tsaya a tsakiyar labari ya ce sauran sai gobe, don ya ga yadda zan yi. Ƙyashin bai tafi ba, kuma na daina sa ran zai tafi. Na daina ba da labarin Baba kamar ni na fi kowa saninsa. Duk abin da zan ƙara sani game da ubana, daga bakin taubashina zan karɓe shi.