Lemun Tsami a Gwangwani

Jiya a kasuwar Madawa na tsaya gaban wata mai kayan yaji, ta kwance wani ƙunshi, sai ƙamshin busasshen lemun tsami ya bugi hancina. Ban saya ba, ban ma taya ba. Na dai yi tsaye kamar wadda aka kira sunanta, har matar ta ce in ba ciniki zan yi ba in ba mutane wuri. Da gaskiyarta. Ita yaji take sayarwa, ni kuwa tuni na koma ƙauyenmu can bayan Garhanga, cikin ɗakin kakata.

In ka san Adar, ka san ƙasarmu duwatsu ce. Gero a tudu da damina, albasa a fadama da rani. Da an gama girbi samarinmu su ɗaure kaya su tafi ci-rani kurmi, can ƙasashen kudu, gari ya koma na mata da tsofaffi. To albasa ba ruwanta da wannan, ruwa take so safe da yamma. Shi ya sa kakana, wanda duk muke ce wa Tsoho, yake ɗaukar ɗan ƙwadago. Namu sun tafi yi wa wasu aiki, na wasu sun zo yi mana.

Mutum ɗaya ne yake zuwa mana kowace shekara, dogo, siriri, mutumin arewa da fari ya cinye wa dabbobi. Hausarsa a karye take. Ba wanda ya wahalar da kansa da sunansa, Baƙo kawai ake ce masa, ko da yake ya fi wasu 'yan garin sanin rijiyoyinmu. Ana cewa asalinsa bayi ne, ana faɗin haka da ƙaramar murya kamar ana maganar wata cuta. Yana kwana a bukkar kara a bakin lambu. Akushinsa daban ne, mai tsaga a baki, ko wajen wanki ba a haɗa shi da na gida. Ni nake kai masa tuwo, kuma a lokacin ban ga abin mamaki a ciki ba, haka na tashi na tarar. Ranar kasuwar Tabotaki maza su dawo su zauna gindin icen bedi ana raba goro, shi yana can yana jan guga.

Amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. A saman kayansa kullum akwai gwangwanin tumatir, a ciki ɗan icen lemun tsami mai ganye kaɗan. Ya ce wata shekara ya kwanta ciwo a wata tasha, wani ya ba shi lemo, ya sha ya ajiye ƙwayar, ya shuka ta a gwangwani. Tun daga nan suke yawo tare, rani a wajenmu, damina a gonakin wasu wajen Buza. Kafin ya sha ruwa sai ya ba icen. Yana yi masa magana da harshensu, mu yara muna laɓe bayan shinge muna dariya. Burinsa bai fi a ce yana da ɗan wuri nasa ba, ya kewaye da ƙaya, ya sa icen a tsakiya, ya zauna a inuwarsa.

Kada ka ce me ya hana shi dasawa ko'ina, ga ƙasar Allah da faɗi. A wajenmu ana ba baƙo aron gona ya shuka gero ko wake, abin da za a girbe a wuce. Amma ba ya dasa ice. Wanda ya dasa ice ya kafa shaida, gobe ana iya cewa wurin nasa ne. Duk garin da ya je wannan dokar ya tarar.

Icen ya fi ƙarfin gwangwani, ya yanke bido, wato jarkar ruwa, ya mayar da shi ciki. Wata shekara ya iso mana ganyen duk ya yi rawaya, saiwa ta fasa gindin bidon tana leƙe. Ya jure har aka kusa cirar albasa, sannan ya zo ƙofar gida da hantsi, ya durƙusa gaban Tsoho.

"Tsoho, ka ba ni wuri ƙanƙane bakin shinge in sa shi ƙasa. In ya ƙara shekara cikin bidon ga, mutuwa za shi yi."

Na san Tsoho yana son mutumin. Amma baffana, wanda bai tafi ci-rani ba a shekarar, yana zaune a wurin, ya riga shi magana.

"Baba, yau icce na, gobe rijiya ta, jibi ɗiyanai su taho su ce gonar ubansu ta."

Tsoho ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ya ɗago sai ya ce a yi haƙuri, ƙasa ba tasa ba ce shi kaɗai. Baƙo ya yi godiya, ya tashi. Godiyar nan ita ta fi yi mini ciwo, har yau.

Kakata tana bayan danga tana tsince wake, ta ji komai. Ita ba ta iya magana a hankali ba, ko addu'a take yi maƙwabta sun san abin da ta roƙa. Ta aike ni in kira shi, ta ce ya zo da icensa. Ya tsaya a bakin zaure yana jin nauyin shiga, ta ce ya shigo, gidan ba kura. Ta kai shi bayan ɗakinta, inda ruwan wanka yake gangarawa ya jiƙa ƙasa, ta miƙa masa hauya. Baffa ya biyo su yana cewa Inna, Inna.

"Ni ma kawo ni anka yi garin ga, ban taho da ƙasa cikin ƙwarya ba," in ji ta. "Nan nika wanka tun ba a haihe ka ba. In taɓon bayan ɗakina shika son gado, shi gada."

Wa zai kai uwarsa gaban mai gari a kan taɓon wanka? Baffa ya juya. Baƙo ya haƙa ramin da hannunsa, ya tsaga bidon a hankali, ya sa icen, ya danna ƙasa da tafinsa. Ya daɗe a durƙushe. Kaka ta ɗebo ruwa a moɗarta, wadda take sha da ita, ta ba shi. Ya kurɓa, ya zuba wa icen sauran, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

"To, ɗayanmu dai ya samu gari."

Ya ƙara zuwa mana wasu shekaru. Da ya sauke kaya, kafin ya gaida kowa, sai ya leƙa bayan ɗakin kaka ya ga tsawon da aka yi. Akushin mai tsaga kuwa kaka ta mayar da shi na kaji. Daga baya rani ya zo bai zo ba. Wani ya ce ya gan shi a bayan kamyo, babbar motar kaya, za su Libiya, wani ya ce a kudu ne. Wurin da yake mafarkin kewayewa da ƙaya, ban ji ya samu ba.

Shekarar da ta biyo baya, icen ya yi 'ya'yan fari. Kaka ta hana kowa taɓawa, ta tsinke ta shanya, ta zuba a tukunya ta rufe da faifai, wai na mai shi ne. Ɗakinta ya riƙe ƙamshin nan har ta rasu. Ta kuma bar doka, lemun nan ba a sayarwa, ba a hana baƙo. Baffa ma da ya je kurmi aka riƙa nuna masa cewa shi baƙo ne, ya dawo da mura da sanyin baki, a gindin icen ya yi jinya. Duniya rawar 'yan mata ce, ba mu dai faɗa a gabansa ba.

Yanzu injin ne yake ban ruwa a fadama, bukkar kara babu ita. Icen yana nan, ya fi ɗakin tsawo, masu wucewa suna tsinka ba tare da sun san labarinsa ba, kuma hakan yana yi mini daɗi. Ɗana yana aikin gini a Aljeriya. Kwanaki ya aiko mini hoto a waya, ɗakin da suke kwana, sai na hango na'ana'a a gwangwani a kan taga. Shi gadonsa yake nuna mini, ni gwangwanin nake kallo. Da na je gida na tsinko lemo, na fitar da ƙwayar na shanya, na ba wani mai tafiya can ya kai masa. Na ce ya shuka, ya riƙa ba shi ruwa kafin ya sha. Can ma ba a rasa tsohuwa mai bayan ɗaki.