Ranar da aka gama fim ɗin aljanun tafki

A daminar da na yaye yarona, tele ɗaya ce a layinmu, ta gidan Madam, matar malamin lakwal, wato makarantar boko. Suna da pano mai jan hasken rana a kan rufi, ko an ɗauke wuta ba ruwansu. Kullum bayan la'asar mata kan taru a rumfarta, wata da kwaryar tafasa tana tsinkewa, wata da kan da ba a gama tsifa ba, mu kalli fim ɗin nan na ƙasar waje da aka mayar Hausa. Labarin wata mata ce da aljanun ruwa suka sace mata ɗa, suka kai shi birninsu a ƙarƙashin tafki. Wata uku muna bin ta tana nemansa.

Yarona ɗan fari ne. A gidanmu, haka a gidan mijina, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wadda ta yi, an samu abin faɗa har ta tsufa. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna, uwar mijina. Ita ke goya shi, ita ke dama masa fura, kuma tana son sa, wannan ba zan ɓoye ba. Mijina yana gona wajen Birnin Lalle, sai ya yi mako biyu bai shigo gari ba. Ko yana nan, ya fi ni kunyar yaron.

Kwana huɗu kafin a nuna ƙarshen fim ɗin, yaron ya fara zazzaɓi. Inna ta ce haƙora ne, ta jiƙa masa saiwa. Ni na ga abin da na gani. In ta shiga wanka ta bar shi a tabarma, sai in wuce kamar zan ɗauki tsintsiya, in taɓa wuyansa da bayan hannu. Na buɗe tafinsa, fari fat. Na ja fatar idonsa ƙasa, babu ja ko kaɗan. Ƙanena ya yi irin wannan farin kafin ya rasu, ina da shekara tara, ban manta ba.

Na rasa bakin da zan ce a kai shi likita. Sai na ƙulla dabara a raina. Kowa ya san a ƙarshe matar za ta karɓo ɗanta, mata za su yi ta guɗa, zuciyar Inna za ta yi laushi. A cikin wannan hayaniya zan sunkuya in ce, “Inna, wancan naki, ko a gwada kai shi a duba?” Na yi ta maimaita maganar ina daka, har ta zauna mini a baki.

Ranar, rumfar ta cika har waje. Inna ta zauna a gabana, yaron a bayanta. Kansa ya langaɓe gefe, ƙuda na sauka a leɓensa bai kore ba. Ƙafarsa tana kusa da gwiwata, ina jin zafinta ta cikin zane.

A cikin fim, matar ta isa bakin tafkin. Sarkin aljanu ya fito da yaron, ya girma, an sa masa kaya masu walƙiya, bai san ta ba. Ta zube a cikin laka, ta yar da ɗankwali, tana kiran sunansa da iyakar muryarta, tana cewa ni ce uwarka, ni na haife ka. Yaron ya juyo kamar zai gane ta. Sai ruwa ya rufe. Rubutu ya fara hawa sama.

Muka zuba ido muna jiran ci gaba. Madam ta tashi ta rage murya.

“Shi ke nan fa. Na bana ya ƙare, sai baɗi in sun yi wani.”

“Baɗi?” in ji wata tsohuwa mai sai da ƙosai. “Ni da nika tahiya da sanda? Madam, kira su ki ce su gama shi ina da rai.”

“Wata ukku ina ƙona tuwo saboda wagga mata,” in ji maƙwabciyarmu, “ashe ko ɗan ba ta samu ba. Allah ya isa tsakanina da su.”

Ƙanwar mijina, budurwa ce lokacin, tana share hawaye tana cewa ita dai sarkin aljanun ya fi kowa kyau. Aka yi mata ca, wata ta ce to ga tabkin bayan gari can ya cika, ta je ta faɗa ya aure ta. Dariya ta tashi.

Sai Inna ta gyara goyo ta ce, “Ni kam ban ga abin tausai ba. Ɗan fari ne fa. Mace ta tsaya gaban jama'a kai ba ɗankwali tana ƙwala sunan ɗan fari? Ai dole ruwa shi rufe. Rashin kunya ba ya kawo ɗa.”

“Su can ba su san wannan ba, Inna,” in ji Madam.

“Shi ya sa aljanu ke kwashe musu ɗiya.”

Rabin rumfar suka ce gaskiya ne. Ƙanwar mijina ta juyo ta zungure ni, don akwai wasa tsakaninmu.

“Ke matar yaya, mi ya sa idonki ya yi ja? In aljanu suka ɗauke wanga,” ta nuna bayan Inna, “za ki bi su kina kuka?”

Duk suka juyo suna kallona suna murmushi. Ga ƙofa ta buɗe, ga maganar a bakina. Abin da na ji kaina na faɗa shi ne, “Ni ina ruwana da shi? Ɗan Inna ne.”

“Kun ji ɗiyar mutunci,” in ji tsohuwar. Inna ta ji daɗi har ta ba ni goro a hanya.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, jikin yaron ya sandare, idonsa ya juye, ya fara jijjiga. Inna ce ta yi ihu. Ita ta ɗauke shi da gudu ba takalmi, ni ina biye da ita riƙe da zanen goyo. A asibiti majo, babban mai duba marasa lafiya, ya ja fatar idon yaron kamar yadda na yi, ya tambaya kwana nawa. Inna ta ce tun jiya ya tsananta. Ya dube ni.

“Ke ce uwar? Ba ki ga jininsa ya ƙare ba?”

Na kalli ƙasa. Na gani tun ranar farko.

An ƙara masa jini, ya rayu. Amma hannunsa da ƙafarsa na dama ba su dawo ba. Yanzu shekararsa biyar, da gindi yake tafiya, maganarsa ba ta wuce kalma uku ba. Inna ƙarfinta ya ƙare, ni ke goya shi, kuma ba wanda ya ce mini komai a kai. Mata kan ce Allah ya ƙaddara, in ce haka ne. Majo ya faɗa mini da an kawo shi ko da kwana biyu kafin nan, da allura ta isa. Inna ba ta ji ba, tana waje tana kuka. Ban faɗa mata ba, ban faɗa wa mijina ba. Idan na ɗauke shi zan yi masa wanka, hannun nan na dama yakan faɗo a kafaɗata, in mayar, ya sake faɗowa.