Amsar da Idoniya Ta Ba Jarumi

Idoniya maƙwabciyata ce tun muna 'yan mata. Ba kyakkyawa ba ce, kuma abin bai taɓa hana ta barci ba. Mijinta ya mutu ya bar mata gonar sha'ir da tumaki da 'ya'ya mata biyu. Muddin ba ta sake aure ba, gonar tana hannunta. Ranar da ta yi, sabon miji ne mai iko da komai. Saboda haka zawarawa suka yi ta zarya, musamman Hamo maƙeri.

Wata shekara, ranar bikin girbi, wani mai ba da labari ya zo ƙauyenmu daga birnin York. Labarinsa irin wanda muka saba ji ne: jarumi ya kashe dodo, gimbiya ta yi shekaru tana jiransa ba ta ce uffan ba. Da ya zo ƙarshe sai ya nemi mutum biyu su fito su kwaikwayi auren jarumin da gimbiyar. Hamo ya yi wuf ya miƙe, abokansa suka turo Idoniya tsakiyar fili.

A wurinmu aure ba sai da limamin coci ba. Namiji ya kama hannun mace ya ce ya ɗauke ta, ita ma ta faɗi haka a gaban shaidu, shi ke nan. In kin ce wasa ne, sai ki je kotun coci ki yi ta bayani.

Hamo ya damƙe hannunta. "Na ɗauke ki matata."

"Gimbiya, saura ke," in ji mai labarin.

Idoniya ta dubi Hamo sama da ƙasa. "Ina dodon da ka kashe?"

"Haba uwargida, wasa ne fa," in ji Hamo.

"Wasan ne ya sa tafin hannunka yake gumi? Kai da agwagwata ta kore ka daga ƙofar gidana. Sakar min hannu, tumakina ba su sha ruwa ba."

Aka yi ta dariya, har limamin cocinmu. Hamo ya koma ya zauna.

Ta ci gaba da nomanta. Ta aurar da 'ya'yan ga mazan da suka zaɓa, ta raba musu gonar da kanta tun tana da ƙarfi. Hamo ne yake gyara mata garma har ya tsufa, kuma suna gaisawa lafiya lau, da hannuwanta a naɗe cikin mayafi.