Digirina da Gabar Dattawa Biyu

Ina da shekara arba'in da 'yan kai, tumbi ya fara rigana shiga ɗaki, na ɗauko karatun digiri na haɗa kwamfutoci, wato ilimin da ke sa wannan na'ura ta yi magana da waccan. Wahalar shiga kaɗai ta isa a rataya wa mutum lambar yabo. An ce sai kiredit biyar, ciki har da Lissafi da Turanci da Fizis. Sau uku na zauna jarrabawar Lissafi. A ta ukun, mai gadin makarantar a Kazaure ya ɗauka sabon shugaba aka turo, har ya rusuna ya karɓi jakata. Ranar da na samu gurbi kuwa, maiɗakina ta shaida wa dangi daga Roni har Babura cewa mijinta ya zama Injiniya. Sunan ya bi ni tun ban san inda ake kunna abin ba.

Da muka zo aji uku sai ga sharaɗin da ya kusa kayar da ni: wata shida na aikin gwaji a ma'aikata. Kullum ka rubuta abin da ka yi a wani littafi, a ƙarshe malami ya zo daga jami'a ya ga kwamfuta aƙalla biyu da ka haɗa suna aika wa juna saƙo, ya sa hannu. In bai sa ba, ka maimaita shekara, kuma an riga an gaya mini a wurin aiki ba za a ƙara mini hutun karatu ko na yini ɗaya ba. Na zaɓi ofishinmu da ke hanyar Gwiwa, don kwamfuta biyu ce cif a cikinsa, kuma bango ɗaya ne tsakaninsu.

Abin da na manta shi ne masu su. Ɗaya tana teburin Babban Akawu, ɗaya tana teburin Mai Sito, dattawa biyu da suka shekara bakwai ba sa ga maciji da juna. Tushen gabar kuwa inuwar darbejiya ce guda ɗaya a bakin ofis, wadda babur ɗaya kawai take ɗauka. Wanda ya riga zuwa shi ne sarki ranar. Saboda wannan inuwa, su kaɗai ne ma'aikatan da na sani a duk ƙasar Kazaure da ke rigan mai shara zuwa aiki.

Na durƙusa gaban Akawu na yi bayani. Ya ce kwamfutarsa mai mutunci ce, ba za a ɗaure ta da igiya ɗaya da ta wancan mutumin ba. Mai Sito, wanda ke lulluɓe tasa da kyalle mai ado kamar amarya, ya ce ya gane dabarar: so ake a zuƙe masa sirrin sito ta cikin waya. Wata biyu ina safa da marwa a kan taku goma. A littafina kuwa, Allah ya yafe mini, kullum ina rubuta cewa aiki na tafiya daidai, ma'aikata suna amfani da layin haɗin kwamfutocin safe da yamma.

Da na ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai na koma wa Akawu na ce ya kwantar da hankalinsa, maganar ta mutu, don Mai Sito ya rantse ba za a huda bangon ba. Ya sauke tabarau ya ce bangon na ubansa ne? A huda shi yau. Na zagaya na gaya wa Mai Sito irin wannan magana a kan Akawu. Shi har guduma ya fito mini da ita daga sito, sabuwa fil. Kafin la'asar waya ta ratsa bango, 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Babu wanda ya taɓa aika ko harafi ɗaya.

Malamin ya zo ranar wata Laraba, siririn mutum mai ƙaramar hula, wanda na tabbata na girme shi da shekara goma. Na tada janareta da ɗan man da na tsiyayo daga babur ɗina. Na miƙa hannu zan gwada masa aikin, ya ce a'a, tunda littafi ya ce ma'aikata na amfani da layin kullum, su zai gani suna yi. Ya dubi Akawu cikin ladabi ya ce, “Baba, a taimaka a aika wa maƙwabci saƙo, kamar yadda aka saba.”

Akawu ya dube ni, kallon da ya sa gumi ya gangaro mini har cikin takalmi. Amma ba zai yarda baƙo ya ce bai iya ba. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ɗaya. Mutumin da ya shekara talatin yana rubuta wasiƙa bai san wata hanyar fara ta ba, don haka ya danna harafi ɗaya bayan ɗaya: Assalamu alaikum.

Muka zagaya ɗakin Mai Sito. Ga sallama ɓaro-ɓaro a allon kwamfuta, ga shi ya harɗe hannu yana kallon rufi. Janareta ta fara tari. Malam ya cire murfin biro, ya sake mayarwa.

“Ranka ya daɗe,” na ce wa Mai Sito, gwiwoyina a ƙasa, “digirina ne a ƙarƙashin yatsanka.”

Bai kula ni ba. Sai ya juya wajen Malamin ya tambaya, ko sallamar da ta biyo ta cikin waya ita ma wajibi ne a amsa ta. Malam ya ce shi dai ba fannin da ya karanta ke nan ba, amma a iya saninsa ko a takarda ta zo ana amsawa. Mai Sito ya yi tsaki mai tsawon kamu uku, ya ce ba don kowa ba sai don kada ya kwana da alhaki. Ya rubuta: Wa alaikumus salam. Sannan ya ƙara: Ka kawar da babur ɗinka daga inuwata.

Kafin mu koma wancan ɗaki amsa ta riga ta wuce mu ta cikin bango. Malam ya tsaya ya karanta saƙo shida, ya ce bai taɓa ganin layin da ake mora haka ba a duk zagayensa, ya sa hannu. Janareta ta mutu biro yana barin takarda.

Digirin yana rataye a zaurena. Dattawan kuwa har suka yi ritaya ba su yi wa juna magana da baki ba, amma duk ranar da layin ya tsaya, su biyun ne ke aiko a nemo Injiniya da gaggawa, don akwai amsar da ba a mayar ba tun jiya.